Hular da Aka Manta a Kan Allo

An ɗaura auren ranar Asabar da hantsi, a ƙofar gidan uban amarya, mai sana'ar ƙyanƙyasar ƙwai. Angon mai haɗa wutar sola ne. Amaryar ita ke kula da injinan mahaifinta. 'Yan watanni kafin nan, uban ya ce kada yaron ya sake tako masa ƙofar gida, kuma yana da hujjarsa.

Sun haɗu ne a ajin yamma na wata cibiyar koyon sana'a, inda ake koyar da sarrafa ƙananan na'urori. Allunan gwaji ba su isa ba, malamin ya ce kowane mutum biyu su raba ɗaya. Allon bai fi tafin hannu ba. Akwai baƙar ƙwaƙwalwa a tsakiyarsa, da jerin allurai a gefe, da ƙananan fitilu biyu. Ja tana nuna wuta ta shiga. Koriya ba ta kamawa sai umarnin da aka rubuta a kwamfuta ya shiga allon ya fara aiki.

Shi daga saman rufin mutane yake zuwa ajin, rana ta ƙona masa wuya. Ita daga ɗakin ƙwai take zuwa, bayan ta yini tana duba zafi tana kunna hita tana kashewa da hannu. Ranar farko hamma ta kama su a lokaci guda, suka kalli juna, kowa ya kau da kai.

Kwamfutar ta ƙi ganin allon. Suka gano kebul ɗin na caji ne kawai, suka sauya. Suka sa manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon, suka sake sa ta, suka zaɓi sunan allo ba daidai ba, suka gyara. Duk da haka jar fitila kaɗai ke ci.

"Wannan jar 'yar'uwarka ce," in ji ta, ta rafka tagumi. "Kullum a kunne, ba abin da take tsinanawa."

"To ke ce koriyar. Ana ta jira, kin ƙi fitowa."

Sunayen da suka bi su ke nan. Ita Koriya, shi Ja.

Malamin ne ya zo ya nuna musu abin da ya rage, wata 'yar baƙar hular roba mai girman ƙwayar wake, zaune a kan allurai biyu. In za a loda umarni, sai a matsar da ita hagu. In an gama, a mayar da ita dama. In aka bar ta a hagu, allon zai yi ta aiki kamar lafiya lau, har ranar da wuta ta ɗauke. In ta dawo, sai ya zauna jiran kwamfuta, ba zai tashi ba.

Suka matsar da hular, suka loda, koriya ta fara ƙiftawa. Ba wanda ya yi ihu. Ta jingina da kujera ta rufe ido, shi kuma ya bar kallon allon.

Da ta isa gida ta tarar da saƙonsa: "Yau na ga koriya biyu sun haska. Ɗaya a kan tebur. Ki huta, Koriyata."

Ta amsa: "Ka sha ruwa ka shafa mai a wuyan nan. Bakinka ya fi hannunka iya haɗa waya."

Da aka gama karatun, tunanin nata ne: allon zai iya auna zafin injin ƙwai, ya kunna hita da fanka da kansa, ita kuma ta samu ta miƙe ƙafa. Suka yi makonni suna haɗawa a kan benci a tsakar gidan su Koriya, Mama tana daga ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa tana sa ido. A nan Ja ya faɗi abin da ke ransa, ya ce zai turo magabatansa.

Baba bai yi na'am ba. Ɗan mai sayar masa da abincin kaji ma yana zuwa neman aurenta, da mota, kuma ya yi alkawarin kawo na'urar sarrafa zafi 'yar kanti.

"Wancan nasa a kwali yake zuwa," in ji Baba. "Naki ya kawo allo tsirara, wayoyi kamar hanjin kaza."

"Baba, tare muka haɗa."

"Shi ya sa na ƙara tsorata."

Mama ce ta lallashe shi ya ba su inji ɗaya, mafi girma, cike da ƙwan da masu kiwo suka riga suka yi oda. Ranar da aka ɗaura allon, Ja ya loda gyara na ƙarshe ya fita salla. Koriya ta ga iyakar zafin ta yi sama kaɗan, ta sake lodawa. Ya dawo, ya ƙara taɓa wani abu. Koriyar fitila na ƙiftawa, hita na kamawa tana sakewa, suka rufe akwatin suka ɗaure kusoshi.

Allon ya yi aiki fiye da mako. Baba ya fara wucewa ta gabansa ba tsaki. Da aka yi rasuwa a dangin Mama, gidan duka suka tafi ta'aziyya suka kwana can, abin da Koriya ba ta samu yi ba a shekaru. A bayansu wuta ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo. Da suka dawo, jar fitila na ci, koriya a mace, ƙwai sun yi sanyi. Hular tana hagu.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kira Ja, ya tambaya, "Wa ya bar ta?"

Ja ya kalli Koriya, sannan ya ce, "Ni ne, Baba."

"To. Ka ɗauki allonka. Kada ka sake tako min ƙofa."

Da yamma ta rubuta masa: "Ka kalle ni kafin ka ce kai ne. Ba na son alfarma. In kana ganin ni ce, ka faɗa a fili."

Ya amsa: "Na kalle ki ne don idonki ya kumbura. Wallahi ban san wanda ya bar ta ba. Baba suna ɗaya yake nema, na ba shi nawa."

Ta ajiye wayar. Ta koma ɗakin ƙwai, ta kwashe waɗanda suka lalace bokiti bokiti, ta raka Baba gidajen masu oda suna ba da haƙuri. Ɗan mai abincin kaji ya kawo na'urarsa aka ɗaura a wani injin, kuma ta yi aiki yadda aka ce. Ja ya wuce ta layin, ya ga motar a ƙofa, ya daina rubutu.

Wata rana da la'asar Baba ya same ta zaune a ɗakin ƙwai ta haɗa kai da gwiwa.

"Ni ban yi miki dole ba," ya ce. "Amma wanda ya manta hula zai manta cefane."

"In kuwa ni na manta fa, Baba? Ni ma na taɓa ta ranar."

Ya juyo ya dube ta. "Ke ce?"

"Ban sani ba. Shi ma bai sani ba. Ya dai ɗauka ne."

Baba ya fita. Bayan kwana biyu ya aiko Mama da sharaɗi. Su sake haɗawa a ƙaramin inji, da ƙwai kaɗan. Shi zai riƙa kashe wutar da hannunsa, duk lokacin da ya ga dama, ba sanarwa. In ƙwan suka ƙyanƙyashe, magabata su zo. In ba haka ba, maganar ta mutu.

Ta rubuta: "Motar da ka gani ta kawo kaya ne, ta tafi da mai ita. Zo da kwamfutarka, Ja. Na gaji da fushi."

Ya amsa: "Ni ma. Gani nan bayan na sauko daga rufi."

Wannan karon suka kafa doka. Duk wanda ya matsar da hular zai faɗa da baki, ɗayan ya amsa. Kafin a rufe akwati, a zare wuta a mayar, a ga koriya ta tashi da kanta.

"Hula ta koma dama," in ji shi.

"Na gani."

"Ki sake gani."

"Na gani, ranka ya daɗe. Ɗaure kusa."

Baba ya cika alkawarinsa. Yakan taso daga cin abinci ya kashe makunni, ya tsaya hannu a baya, ya kunna. Wata rana sau uku ya yi. Kowane karo jar ta kama, a ɗan yi shiru, sai koriya ta biyo. Ja ya rame da zirga-zirga tsakanin rufi da ɗakin ƙwai. Koriya ta daina yarda da barcinta.

A mako na uku ƙwan farko ya tsage. Baba ya ɗauki ɗan tsakon yana jiƙe a tafin hannu, ya duba shi sama da ƙasa kamar mai neman aibi.

"Ka ce wa mutanenka su zo," ya ce, bai ɗago ba.

Ranar aure, bayan an shafa addu'a, ya kira su biyun ciki. Ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su riƙa duba wa juna abin da ɗaya ya manta. Mama ta ce amin tana share ido. Ango da amarya suka amsa a hankali, dukansu barci a idonsu.

Allon yana nan a jikin babban injin yanzu, an ɗiga wa hular gam a ɓangaren dama. Wanda ya bar ta a hagu a karon farko, har yau ba a sani ba. Baba ya tambaye su daban daban, kowa ya ce mai yiwuwa shi ne.