Ranar Bayan Lahadi

Warin fetur ne ya tarbi Sufeto Dijatu Hamajoda a ƙofar gidan Goggo Astajam, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwar bayan tashar jirgin Ngaundare. Da hantsi aka watsa shi a ƙyaure. Ashana kaɗai ta rage. Masu babur sun toshe layin, kowa da waya a kunne.

Muryar Goggo suke saurare a wani saƙo da ya bazu a wayoyi, da Fillancinta mai sanyi, har da ɗan tarin nan nata: "Jaririn yana hannuna. An ce wa uwar ya koma. Ku zo da mota ranar Altine."

Babu uwar da ta kai ƙara, babu jaririn da ya ɓace. Ba wanda ya tambaya.

Dijatu ta tsayar da 'yan sanda a ƙofa, ta shiga. Goggo na ƙuryar ɗaki.

"Muryata ce, 'yata. Wallahi tawa ce. Ko a barci na faɗa?"

"Yanzu waya tana koyon murya, Goggo, ta faɗi abin da aka rubuta mata. Wa ya taɓa ɗaukar maganarki?"

Mutum uku ne: Yugguda, ɗan ƙanen mijinta, Nenne, mai taya ta aiki, wadda ta kora kwanan baya, sai Abbo, mai shafin labarai, da ya yi hira da ita.

"Yaushe Abbo ya zo?"

"Wancan watan. Ranar... bayan Lahadi."

Dijatu ta dube ta. Dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, su biyun suka zabura.

A komisariya, ofishin 'yan sanda, ta yi wa ukun tambaya iri ɗaya: wace rana Goggo take awon masu ciki?

Yugguda ya murmusa. "Ranar da ba ta da suna. Tun muna yara muke tsokanarta: Goggo, jiya Lahadi, yau fa? Sai ta bi mu da muciya."

Nenne ta ja tsaki. "Ta kore ni, ban yafe ba. Amma ranar bayan Lahadi take awo, kowace mace ta sani."

Abbo ya gyara zama. "Altine, Hajiya."

"Yaya sunan mijinta?"

"Modibbo."

"Wannan malantarsa ce. Sunansa na yanka fa?"

Abbo ya ɗaga kafaɗa.

"Altine sunansa, Litinin aka haife shi, kuma da Fillanci sunan ranar ke nan. Tun da aka kai matar nan ɗakinsa kalmar ba ta fita daga bakinta ba, ko a kasuwa, ko a gaban likita. Duk wanda ya ci tuwon gidan ya sani. Da Yugguda ko Nenne ne suka rubuta, da ba su sa mata ita a baki ba. Kai ka sami muryar, ba ka san matar ba. Miƙo wayar."

Hirar tana ciki, da manhajar kwaikwayon murya, da maganar a rubuce.

"Hajiya, ba wanda ke buɗe shafina in ba abin tsoro. Ban ce su ƙone ta ba."

Dijatu ta koma layin da lasifika. Ba maza ta nufa ba. Ta kira tsofaffin mata gaba, ta kunna saƙon, ta tsayar da shi daidai kalmar.

"Iyayena, wa ya taɓa jin wannan a bakin Goggo?"

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. "La'ilaha! Astajam ta kira sunan mijinta? Sau nawa na saurari abin nan, tsoro ya toshe mini kunne!"

Baburan suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ba mai kallon wani.

Dijatu ta koma ɗakin Goggo. "Ki bar garin kwana biyu, Goggo. Ina 'yarki take?"

"Garwa."

Wayar Dijatu ta yi ƙara. Yayarta ce daga Garwa ta turo saƙon, yanzu har da hoton Goggo a kai: ku kula da yaranku.

Dijatu ta kife wayar a cinya. A Garwa babu wanda ya san sunan Modibbo.

"Ajiye jakar, Goggo. Nan za ki zauna."