Makin da Bai Kai Samaru Ba

"Da wannan makin ba za su ɗauke ki a Samaru ba, Batul."

Batul ta ɗago kai ta dubi Muntasir kamar yau ta fara ganinsa. A zauren gidansu na Limancin Kona suke, bayan la'asar, shi a kan tabarma, ita a bakin dakali riƙe da waya, sakamakon JAMB a buɗe. Ɗari biyu da saba'in da ɗaya. Tun da ya fito take cikin murna, har Gwaggo Barira, ƙanwar babanta, ta rangaɗa guɗa a tsakar gida.

"Yaya Muntasir... na fi bara fa."

"Kin fi bara, masoyiyata. Amma masu neman likitanci bana sun fi na bara yawa."

Karo na uku ke nan tana nema. Shekarar farko sunanta bai fito ba. Ta biyu aka ba ta ilimin tsirrai, ta ce ba ta so. Ƙawayenta na sakandare sun yi nisa a jami'a, wasu na goye da 'ya'ya, ita kuwa tana gida tana maimaita littattafan da ta kusa haddacewa. Duk karon nan jami'ar Samaru take zaɓa, don mota ɗaya za ta hau daga birni, ta dawo kafin magariba ta yi wa Baba allurar ciwon sukari.

Muntasir malamin kimiyya ne a wata sakandare kusa da Ƙofar Galadima. Shi ya riƙa yi mata darasi bayan faɗuwarta ta farko, daga nan so ya shiga, har manya suka shigo maganar aka kai gaisuwa.

Ya yi mata bayani a hankali. Tun fitowar sakamako yake bin tsofaffin ɗalibansa, waɗanda suka samu da waɗanda aka bari, yana tambayar makinsu. Akwai waɗanda suka fi ta nesa ba kusa ba, amma aka tura su wani sashen. Ga sakamakonta na Physics a WAEC ba mai ƙarfi ba ne, zai ja ta baya wajen tantancewa. Kano ma cunkoson ɗaya ne. Jami'ar kuɗi kuwa ba zancen gidansu ba ce. Wuri ɗaya ya ga tana da rabo: wata sabuwar jami'a can arewa maso gabas, wadda mutane ba su riga sun yi mata ca ba. Idan ta canza zaɓinta tun yanzu, makinta zai sa ta a sahun gaba.

"Wuni guda ake yi a mota," in ji Batul. "Shekara shida... Korata kake yi?"

"Ni? Batul, ni?"

"To me ake kiran wannan? Ka san abin da Baffa Ɗahiru ya ce."

Ya sunkuyar da kai. Ya sani. Mahaifiyarsa, Inna Tayyiba, ta samu shanyewar ɓarin jiki, shi kaɗai ne ɗanta da ke gari. Baffansa ya riga ya yanke magana: a ɗaura aure bayan babbar salla, da matar da za ta zauna a gidan. Ya roƙi a ɗaura ko da za ta tafi karatu, Baffa ya ce ba suna suke nema a takarda ba, mutum suke nema a ɗaki.

Ta tambaye shi me ya hana shi yin shiru. Da ya bar ta ta sake faɗuwa a Samaru, ai da shi ke nan, ta haƙura ta zama matarsa.

"Na yi wannan tunanin," ya ce. "Wallahi na yi shi. Na kasa."

Ta tashi ta shige gida ba ko sallama.

Kwana da kwanaki ba ta ɗauki wayarsa ba. Ta ci gaba da hidimar Baba kamar kullum. Malam Aƙilu tsohon magatakardar kotu ne, ciwon ya cinye masa gani, ga miki a ƙafa da ya ƙi warkewa. Wata safiya tana wanke masa ƙafar ya ce ya ji tana jan hanci, kuma mura ba ta zuwa da ajiyar zuciya. Sai ta fashe da kuka, ta zayyane masa komai.

Baba ya saurare ta har ta gama. Sannan ya tambaya ko yaron ya tabbata da lissafinsa. Ta ce Muntasir ba ya faɗin abin da bai bincika ba.

"To ki canza."

"Baba, wa zai yi maka allura?"

"Barira za ta koya. Hannunta ya iya saka zare a allurar ɗinki, ba wannan ce za ta gagare ta ba." Ya laluba ya dafa kanta. "Uwata, ina jin ki kina karatu ina cikin ɗaki. Duk ganyen takardar da kika juya ina ji. Ba zan so a ce ƙafar nan tawa ce ta ɗaure ki ba."

Game da Muntasir kuwa, ya ce ba zai riƙe ɗan mutane shekara shida ba alhali uwarsa na kwance. Idan ta samu gurbin karatun, a sallame shi da mutunci.

Muntasir ne ya raka ta cibiyar da ake canjin. Da mai aikin ya tambaya ko ta tabbata, ta juya ta dube shi, ko zai ce a'a. Ya kawar da kai ya ƙura wa bango ido. Ta ce ta tabbata.

Sunanta ya fito a rukunin farko. Gidan ya cika da 'yan barka, ita kuwa ta kulle kanta a ɗaki. Bayan mako guda aka mayar da kayan gaisuwa gidan su Muntasir, cikin girma da addu'a, babu wanda ya ɗaga murya.

Tana tsakiyar jarrabawar zangon farko Baba ya rasu, ranar wata Talata da hantsi. Ba a gaya mata ba sai da ta fito daga takardar ƙarshe, kwana biyu bayan an binne shi. Ta iso Zariya da yamma, ta tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, ɗakinsa a share, an naɗe katifarsa an jingine.

Washegari Muntasir ya zo ƙofar gida ya yi sallama da ita. Ya rame, ya yi duhu. Ya gaya mata yana wurin har ƙarshe, shi ya kai shi asibiti, kuma yana cikin waɗanda suka saka shi a kabari. Ya ce Baba ne da bakinsa ya hana a kira ta, ya sa su yi masa alkawari.

"Ya sha wahala?"

"Kaɗan... Yana ta tambaya ko kin gama rubutawa."

Ta toshe baki da mayafi. Ya jira har kukan ya lafa, sannan ya ce akwai abin da yake so ta ji daga bakinsa, kada ta ji a gari. An sa masa rana da Asama'u, 'yar Baffa Ɗahiru.

"Allah ya sanya alheri," ta ce. Da ƙyar ta haɗa kalmomin. "Yaya Muntasir... da na zauna fa?"

"Da yanzu ke matata ce. Da kin ga Baba." Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. "Ban san ko na yi miki daidai ba, Batul. Kullum ina tambayar kaina, har yau ban samu amsa ba."

Ta goge idonta da bakin mayafi. Suka tsaya haka har aka kira sallar azahar, ya ce mata ta kula da kanta, ya saka takalmansa ya fita.

Bayan sadakar bakwai ta ce wa Gwaggo Barira ba za ta koma ba, ba ta da sauran ƙarfi. Gwaggo ba ta yi mata musu ba. Ta dai shiga ɗaki ta haɗa mata kaya, ta ƙulla mata yaji da kuka a leda, ta ɗora jakar a kanta ta nufi bakin titi. Dole Batul ta bi ta.

Da motar ta fita daga ganuwa, wata dattijuwa da ke kusa da ita ta ga tana kuka, ta tambaya ko gidan miji za a kai ta.

"A'a, Mama," in ji Batul. "Makaranta za ni."