Bulo Mai Jan Ɗigo

Masu cewa tsafi gaskiyar mai shi, su zo su ji yadda gaskiyar ta ƙare da Mai Bulo.

Sana'arsa ba ta da aibi, wannan kam sai a faɗa. In an rushe gida, sai ya sayi baraguzan, ya zuba a injin niƙa, ya tankaɗe, ya kwaɓa da siminti ya buga sabon bulo. Abin da wasu ke biya a kwashe musu, shi da shi yake ci da mahaifiyarsa da matarsa da 'yarsa guda ɗaya, wadda kowa ke kira Auta ko da yake ba ta da wa ba ta da ya. Matsalar ita ce masu kwangila ba su yarda da kayansa ba. Sai injiniya ya ɗaga bulon, ya jujjuya, ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai gwanjo ne." Kalmar nan ta gwanjo ita ta ci masa rai har ta kai shi inda bai kamata ba.

Da tsakar rana ya je wurin wani boka, a wani kango a bayan filin 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa. Ɗakin bokan ba rufi, amma rana ba ta sauka a ciki. Jikin bango duk makullai ne na gidajen da aka rushe, ɗaruruwa, an rataye su da jan zare, suna kaɗawa ba tare da iska ba. Bokan na zaune a kan wani tsohon ƙyaure da aka kwantar, gabansa tukunya baƙa.

"Kana niƙa gidajen mutane," in ji bokan tun kafin ya gaishe shi. "Ka taɓa tambayar ina masu zama a cikinsu ke komawa? Ba mutanen nake nufi ba."

Mai Bulo ya ce shi dai kasuwa yake nema.

"Su kuma masauki suke nema. Ka ga kun dace."

Bokan ya yanka baƙin zakara a bakin tukunyar, ya sa shi ya tofa yawu sau uku, ya ciro makulli ɗaya daga bango ya jefa a ciki ya rufe. Da ya buɗe, sai ga gari ja kamar busasshen jini. Ya ce kowane kwaɓi a barbaɗa kaɗan, tukunyar ba za ta taɓa ƙarewa ba.

"Me zan biya?"

"Kai? Ko sisi."

Mai Bulo ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya ce, "Malam, a faɗa mini gaskiya."

"Duk ɗakin da bulonka ya shiga, ya yi baƙo. Baƙon ba ya damun kowa da yawa. Lokaci-lokaci dai yakan so abokin tafiya."

"Daga cikin masu ɗakin?"

"Da daga ina?"

Wallahi ba tausayin mutane ya ji ba, lissafi yake yi. Can ya ce, "Nawa iyalin fa?"

Bokan ya yi murmushi. "Ai kai ka san bulonka. Kada ka bari jininka ya kwana inda yake."

Ya ɗauki tukunya ya fito yana ganin ya yi wayo.

Kafin shekara biyu bulonsa ya zama abin rububi. Guduma ma da ƙyar take fasa shi, in kuwa ta fasa, sai ka ga ɗigo-ɗigon ja a ciki kamar an yayyafa barkono. Injiniyan da ya ce gwanjo shi ne ya dawo yana kiransa ranka ya daɗe. Aka riƙa gayyatarsa taro yana jawabi cewa baraguzai dukiya ne, kada a zubar. Magina suka ɗauka, gari ya ɗauka, aka daina jibge su a bakin kwata. Da labari ya zo cewa wani gidan haya mai hawa uku da aka gina da bulonsa ya ci mutum biyar a shekara har masu shi sun sa an rushe, sai ya ce Allah ya jiƙansu, ya sauya zance.

Da ya tashi gina nasa gidan, ko bulo ɗaya bai ɗauka daga masana'antarsa ba. Daga nesa ya sayo, kuma kowace tifa ta sauke sai ya fasa ɗaya cikin goma ya duba. Matarsa ta ce, "Maigida, mai tuwo ya ƙi cin tuwonsa? Me mutane za su ce?" Ya daka mata tsawar da ba ta sake tambaya ba, amma daga ranar ta fara kallonsa a kaikaice.

Wata huɗu da tarewa, mahaifiyarsa ta kwanta lafiya bayan azahar ba ta tashi ba. Ya ce tsufa ne, amma ya bi bangon ɗakinta da ƙusa yana ƙwaƙula. Ba ja. Ya zargi mai kawo bulo, ya zargi direban tifa, ya kori mai gadi. Sai matarsa ta fara shimfiɗa tabarma biyu, tana zuba abinci kwano biyu, tana cewa baƙon ya ce ƙasa ta yi masa sanyi. Danginta suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Saura Auta. Ranar da ta ce, "Baba, wa ke ƙwanƙwasa ƙarƙashin gadona?" sai ya gane kuskurensa. Ƙasa. Shi bango yake ta dubawa.

Ya sa aka kira maginin da ya yi aikin. "Da me ka yi cikon daɓen gidan nan?"

Magini ya washe baki, yana jiran yabo. "Da baraguzai mana, maigida. Ai kai ka koya mana ba a zubarwa. Na samu tifa shida da araha, na gidan hayan nan mai hawa uku da aka rushe."

Mai Bulo ya ɗauki diga da hannunsa ya fasa tayil ɗin ɗakin Auta. Ga su nan, gutsattsarin bulo, kowanne da jan ɗigonsa.

Kafin ya ajiye digar yarinyar ta yanke jiki ta faɗi, jikinta zafi rau. Ya sungume ta sai mota, sai asibiti. Ma'aikata suka turo gado, suka nufi sabon ɗakin jinya da ita. Har sun kai ƙofa ya ce su dakata. Ya zaro makullin mota ya kankare fenti a jikin bangon. Ja.

"Ba za ta shiga nan ba."

"Bawan Allah, yarinyar nan ƙarin ruwa take buƙata yanzu-yanzu," in ji likitar. "Zazzaɓi ne, muna ganin irinsa kullum."

Bai saurare ta ba. Ya ƙwace 'yarsa ya koma mota. Asibiti na biyu, ja. Na uku, ja. Gidan yayansa, wanda shi da kansa ya ba shi kyautar bulon gyaran ɗaki don a ce ya kyauta, ja. Ya koma kangon boka, ya tarar an share wurin an kafa harsashin shaguna, ga bulonsa an jera. Duk garin nan shi ya gina shi, bai bar wa 'yarsa ɗaki ɗaya ba.

A kujerar baya ta cika, wajen la'asar, tana cewa, "Baba, mu shiga ciki mana." Har yau ba wanda ya san ko baƙon ne ya tafi da ita, ko zazzaɓin da ledar ƙarin ruwa biyu za ta kashe. Shi ma bai sani ba, kuma wannan ne ya ƙarasa masa hankali.

Yana nan da ransa. Masana'anta ta tafi, gida ya zama kufai. A fili yake kwana, ko ruwa ake yi ba ya shiga inuwar gini. Za ka gan shi da ƙusa mai tsatsa yana ƙwaƙular bangon mutane, in an kore shi ya matsa gaba.

Sana'ar kuwa tana nan, masu tsoron Allah na yin ta suna ci da halal ɗinsu, ba abin da ya same su. Kai dai mai kwaɗayi, da aka ce maka wasu ne za su biya har ka ji sanyi a ranka, ka tuna shi ma haka ya ji. Abin da ka kwaɓa wa 'ya'yan mutane, wata rana tifa za ta juye shi a ƙarƙashin gadon ɗanka.