Jan Birkin Haisam

"Haisam, don girman Allah kar ka taɓa birkin nan da hannunka!"

Tasnim ce ke magana a waya, ta kasa zaune ta kasa tsaye, sai kai da komo take tsakanin randa da ƙofar kicin a gidansu na unguwar Alhilla Kuku da ke Khartum.

Daga can Dar Salam ta Omdurman, Haisam ya saki dariya. "Habibti, ai aikin gama ya gama. Kaliba huɗu, jajur, launin tufafin da za ki sa ranar jirtik!"

Jirtik! Wato ranar da ake lulluɓe amarya da ja da zinare. Ba a ma ba shi ita ba, shi har ya kai can.

"Wane fenti ka fesa?"

"Mai jure zafi. Wa'il ne ya ciro min daga ƙasan kantar shagonsa, ya ce saboda takunkumin shigo da kayan nan guda biyu suka rage a Khartum kaf."



"Wa'il? Wa'il fa ka ce?"

"To me ye? Ai mun zama 'yan'uwa."

Kai, wannan bawan Allah! Kowa nasa ne, har wanda ke neman matar da yake nema.

Wa'il ɗan gwaggonta Sittana ne, mai shagon kayan mota. Shekara guda ke nan uwarsa na safa da marwa a gidan, tana zuba wa Usta Jibirin cewa ɗan gida ya fi direban haya irin Haisam. Shi kuwa Usta, mahaifin Tasnim, shekara talatin yana fentin mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gareji, tun kafin soja su hau mulki. Ba ya duba aljihun mutum, aikin hannunsa yake dubawa. Sau nawa ta ji yana cewa kaliba, ƙarfen nan da ke matse faifan birki, ba wajen wasan yara ba ne, wanda bai iya ba ya kawo wa masu abin.

"Da ka kai wa Yaba ya yi maka..." ta faɗa, tana nufin mahaifinta.

"In je neman 'yarsa da aikin hannunsa? So nake ya ga nawa, ya ruhi."

Ta kashe wayar. Tana son sa, wallahi tana son sa, amma a lokacin da yana kusa da ta maƙure shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka sa za su zo ƙaulat al-khair, gaisuwar neman aure. Tun azahar Tasnim ta ƙona albasa sau biyu, ta zuba gishiri a shayi. Gwaggo Sittana ta kame a kan gadon igiya, ba wanda ya gayyace ta. Motar Wa'il kuma na ƙofar gida tana sheƙi, birkinta ja, aikin Usta na watan jiya.

"Ka ga mai hankali," in ji Gwaggo da ƙarfi. "Ya san darajar ƙwararru, ya kai musu."

Ƙarfe biyar ta gota. Shiru.

Tasnim ta leƙa taga ya fi a ƙirga. Ta san gadar Shambat da za su biyo: cunkoso, ga shingen soja a bakinta, taka birki, saki, taka, saki, ga rana tana dukan kwalta.

Kafin ta ga motar, hancinta ya gaya mata.

Ƙauri!

Tsohuwar motar Haisam ta shawo kwana, hayaƙi siriri na tashi daga ƙafafunta huɗu. Jan nan da ake taƙama da shi ya narke, ya yi baƙi, yana ɗiga kan ƙarfen taya. Kawunsa Ilyasu ya fito yana tari, mahaifiyarsa Bakhita ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Innalillahi!" Gwaggo ta tafa hannu. "A wannan za a ɗauki amarya? Sai dai a kai ta asibiti!"

Wa'il ya juya baya, kafaɗunsa na motsi.

Tasnim ta jingina da bayan ƙyaure, hawaye na zuba. Shi ke nan, ta ce a ranta, Yaba ba zai taɓa yafe wannan ba.

Usta Jibirin ya fito a hankali. Ya gaisa da baƙin yadda ya kamata, sannan ya dubi motar.

"Wane gareji ne ya yi maka wannan ɓarnar?"

Kawu Ilyasu ya yi caraf: "Wasu yara ne can Omdurman, Usta, ka san..."

"Ni ne, Ammi," Haisam ya katse shi, yana kiran Usta da Ammi, wato baffa, kansa a ƙasa. "Da hannuna na yi. Tasnim ta hana ni, ban ji ba."

Wayyo Haisam! An buɗe maka ƙofa ka fita, ka ƙi.

"Kawo jak," in ji Usta. "Cire tayar nan."

Haka Haisam ya durƙusa cikin farar jallabiyarsa ta zuwa neman aure, maƙwabta na kallo, ya kwance taya. Gumi ya jiƙe shi, baƙin mai ya ɓata masa hannun riga.

Usta ya jira ƙarfen ya huce. Sai ya yi abin da Tasnim ta san shi da shi tun tana ƙarama: bai kalli fuskar aikin ba, ya zura yatsa bayan kalibar, inda ido ba ya kaiwa.

Ya daɗe yana shafawa.

"Cire ta ka yi kafin ka fesa?"

"Eh, Ammi."

"Ka kankare tsatsa har baya. Faifan kuma ko ɗigo babu, da me ka rufe shi?"

"Da jarida da salatif. Kwana biyu na yi a kai."

Usta ya kai yatsan hancinsa, ya sansana. Fuskarsa ta canza.

"Wannan fentin ƙofar gida ne. Wa ya ba ka shi a matsayin na birki?"

 Haisam ko kallon inda Wa'il yake bai yi ba.

Amma Tasnim ba ta da irin wannan haƙurin.

"Yaba!" ta ɗaga murya daga bayan ƙyaure. "Gwangwanin na cikin but ɗin motar, akwai tambarin shago a jiki!"

Aka buɗe. Usta ya juya gwangwanin, ya karanta, sannan ya ɗago ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Wa'il, kai ka san bambancinsu. A gabana ka koya."

"Kawu, kuskure ne..."

"Da ya kai ga faifan fa? Da tsohuwa a mota, a kan gada?"

Gwaggo Sittana ta buɗe baki, Usta ya ɗaga mata hannu. Ta ja mayafi, ta shige motar ɗanta, suka bar unguwar ko sallama babu.

Usta ya juyo kan Haisam, wanda har yanzu yake durƙushe.

"Kana da taurin kai, yaro. An ce ka kai wa masu sana'a, ka ƙi."

"Na yi laifi, Ammi."

"Ka yi. Amma na ga ma'aikata da yawa masu gyara gaba su bar baya. Kai ka gyara inda ka san ba mai gani." Ya goge yatsansa da hanki. "Gobe ƙarfe bakwai ka kawo ta Mantiƙa. Kai za ka kankare, ni zan fesa."

"To, Ammi... wane launi?"

"Ja mana! Motar da za ta ɗauko 'yata ranar jirtik kake tambayata launi?"

Bakhita ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka amsa.

Tasnim ta zame ƙasa a bayan ƙyaure, tana kuka tana dariya. Ta tsagar ƙofa ta hango shi, baƙi-baƙi har goshi, yana neman ta da ido.

"Tasnim!" Usta ya ƙwala kira. "Daina laɓe, kawo wa mijinki ruwa da sabulu. Ba zan karanta muku Fatiha hannunsa na haka ba."