Suma'ila, Fatoman Mutanen Dutse

Da rana tsaka aka ƙulla cinikin, a wani kogo tsakanin duwatsu biyu, can bayan Tirmini inda hanyar mota take ƙarewa. Mai saye Suma'ila ne, ɗan kamasho a tashar Damagaram, mutum mai dogon buri da gajeren tunani. Mai sayarwa kuwa boka ne da ake kira Na-Kogo, tsoho mai ido ɗaya, wanda ƙudan zuma ma ba sa shiga inda yake zaune.

Abin da ya kai Suma'ila shi ne wani furoje, wato aikin gwamnati. An ware kuɗi daga harajin talakawa domin a gina gida mai ɗaki ashirin da huɗu, a kwashe masu kwana a bakin tasha da gindin rumfunan kasuwa a zuba su ciki, kuma duk shekara a riƙa sakin kuɗin abincinsu da tabarmi. Ana neman wanda zai gina, ya kuma riƙe gidan. Suma'ila bai taɓa ɗora bulo kan bulo ba, amma ya ji ƙamshin miya.

Kogon yana warin tsohon jini da hayaƙin ƙaro. A ƙurya akwai tulu an ɗaure masa wuya da jan ƙyalle, kewaye da shi ƙahonin gada a kafe a ƙasa, ga fukafukin ungulu yana lilo ba tare da iska ba. Suma'ila ya ajiye abin da aka ce ya kawo: baƙin bunsuru, da ƙasar inda marasa gida suke kwana, da yagaggiyar tabarmar da ya fizge daga ƙarƙashin wani gurgu.

Tun kafin boka ya buɗe baki ya riga shi, don a ganinsa shi idonsa a buɗe yake.

"Ka ji sharaɗina tukuna, Baba. Ban ba da uwa ba, ban ba da mata ba, ban ba da ɗa ba. Jinin gidana ba ya cikin ciniki."

Na-Kogo ya yi dariya har da tari. "Wa ya tambaye ka jini, ɗan samari? Masauki nake nema. Masu fasa dutse sun cinye duwatsun mutanena na ɓoye, sun mai da gidajensu tsakuwa. Su ma yau marasa gida ne. Ka gina ɗakunan nan, ka kulle, kada ɗan Adam ya kwana ciki. Su za su sauka, kai ne fatomansu, la'adarka kuma ba za ta yanke ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ka dai san dokar fatoma?"

"A gidan fatoma aka yanke mini cibiya," in ji Suma'ila, yana ɗaga hanci.

Gaskiya ne kakansa Modu, Babarbare, shi ne babban fatoma na unguwarsu a zamaninsa, mai saukar da fatake, ya tsare musu kaya, ya samo musu masu saye. Amma Suma'ila bai gaji komai ba sai sunan, don ko zauren kakan ya daɗe da sayarwa an yi shaguna. Girman kai ya hana shi cewa bai sani ba. Tambaya ɗaya da za ta cece shi, ya haɗiye ta.

Aka yanka bunsurun a kan tabarmar gurgu. Boka ya miƙa masa ƙwarya cike da ruwa, ya sa shi ya durƙusa ya fuskanci bangon dutse, ya ce sau uku, "Sannunku da zuwa, masaukinku yana wuyana." A na farko babu abin da ya faru. A na biyu ƙwaryar ta yi nauyi, kamar an ɗora mata baki. A na uku yana kallo ruwan ya sauka har gindi, ƙasan kuma a bushe. Da mai hankali ne, da nan ya ruga. Shi murmushi ya yi.

Kafin sati ya zagayo, 'yan kwamitin furojen suka tsallake magina na gaskiya suka danƙa masa aikin, kuma har yau ba wanda zai iya gaya maka dalili. Gida ya tashi, an rufa kwanon tol, an shafa fenti shuɗi. Ranar buɗewa aka kwaso bayin Allah a kamiyo, babbar motar kaya, aka raba musu shinkafa da sabulu, aka ɗauke su hoto suna ɗaga hannu. Kafin la'asar an mai da su bakin tasha, Suma'ila ya bi ƙofa ashirin da huɗu ya danna wa kowace kwaɗo.

Daga nan duniya ta buɗe masa ƙafa. Abin da ya taɓa sai ya haihu. Ya sayi kamiyo, ya sayi ta biyu, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya tayar da bene a kan hanyar Mirriya. Ya kwaso uwarsa Ya Zara, da matarsa Lubabatu, da 'yarsu Lubna, da ƙanensa Yunusa, kowa da ɗakinsa. Masu zuwa duba gidan marasa galihu kuwa, da sun iso ƙofa sai wata kasala ta kama su, su sa hannu a takarda su juya. In an tambayi Alhaji, amsa ba ta ƙare masa: ba a jawo ruwa ba, ana jiran takarda daga sama, fenti bai bushe ba.

Mutum ɗaya ne ba ya raga masa, Baba Lawali, tsohon ɗan dako da buhuna suka karya wa baya, mai kwana a jikin katangar tasha. Duk sanda motar Alhaji ta tsaya sai ya jawo jiki ya leƙa gilashi.

"Alhaji, ya fenti? Shekara uku ke nan, Allah ya sa dai ba mura ya kama ba."

Alhaji yakan jefa masa dala biyar ya ɗage gilashi.

A damina ta huɗu aka yi ruwan da ya narkar da gidajen ƙasa kamar gishiri. Masu kwana a titi suka ninka. Wata ranar Talata da hantsi, Alhaji yana Kano wajen sayayya, Baba Lawali ya ja gaba da sandarsa, mata da goyo suna biye, suka ɗauko taɓarya suka ɓalle kwaɗunan ɗaya bayan ɗaya. Wani jandarma yana tsaye yana kallo, ya juya baya ya shiga gyaran igiyar takalmi. Mutanen suka yi bisimilla, suka share, suka shimfiɗa tsummokaransu. Ko ciwon kai ba wanda ya yi.

Alhaji ya dawo ya tarar da gidansa ya canza. Randunan da aka cika da safe, kafin azahar sun ƙafe. Tuwo in an kwashe sai a ga gurbin yatsu a jikinsa, yatsu dogaye. Ya Zara ta kira shi ɗakinta, ta hana shi zama.

"Suma'ila, wa ka saukar mana?"

Ya yi ta kewaye-kewaye, ta tsare shi da ido har ya amayar da rabin gaskiya. Tsohuwa ta dafe kai. Ta gaya masa abin da kowane yaro a gidan Modu ya sani: baƙon fatoma ba ya kwana a waje. In masauki ya cika, fatoma iyalinsa yake fitarwa daga ɗakunansu ya ba baƙi. Ita da kanta, tana amarya, ta yi wata guda a rumfar awaki saboda fataken Agadas. Ta ce su fita yau, da kayan jikinsu kawai, ya bar musu benen, ya mayar da haƙƙin mutane, ya nemi malamai ya tuba.

Ya ɗaga kai ya dubi benen, ya dubi tayil da labule. Ya ce ta ba shi sati guda ya yi dabara.

Kwana biyu ta samu. Bayan azahar aka tarar da ita kwance ba rai a bakin ƙofar ɗakinta ta waje, tabarmarta a naɗe kusa da ita, buta da carbi an jera su tsaf, kamar kayan wanda aka sallama. Ƙofar kuma a kulle ta ciki. Ba a yi sadakar bakwai ba Yunusa ya faɗo daga saman bene ya mutu, mutumin da ko tsani ba ya hawa. Shi ma an fito masa da takalmansa an ajiye a ƙofa.

Lubabatu ba ta mutu ba, da ma ta mutu. Ranar nan tana tsakar gida sai aka ga ta durƙusa tana gaida iska, tana matsawa gefe tana ba da hanya. Daga ranar ba ta ƙara shiga ƙarƙashin rufi ba. In an ja ta sai ta ƙanƙame dokin ƙofa tana cewa a cike yake, ba wurin sa ƙafa. Yayanta ya zo daga Mirriya ya ɗauke ta da Lubna, ya tofa yawu a ƙofar benen, ya wuce.

Sai a sannan jarumin naka ya koma kogo. Ya zube ya ce zai kori mutanen, zai gina wani masaukin mai ɗaki hamsin. Na-Kogo yana sakace, ya ce shi dillali ne, ya haɗa baƙo da mai masauki, ya ci la'adarsa, ya wanke hannu. Wanda kuma ya ɗanɗana cikin gida ba ya komawa zaure.

"To yaushe za su tafi, Baba?"

"Kai da aka yanke wa cibiya a gidan fatoma? Baƙo ba ya tafiya sai ya gama sayayya."

"Me suke saye?"

Boka ya dube shi da idon nan guda, tun daga hula har takalmi, irin kallon da mahauci yake wa rago.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki shekara ba. Kamiyo ɗaya ta ƙone a hanyar Takeita, ɗayar ta kife. Idon 'yan kwamiti ya buɗe, aka karɓe riƙon gidan aka ba wasu. Benen ya rasa mai saye ko a kyauta. Suma'ila da kansa ya wayi gari duk ɗakin da ya leƙa sai ya gan shi maƙil, ana zazzaune ana kallonsa. Ya koma jikin katangar tasha, haƙorin zinariyar ma wani ya cire.

Baba Lawali, da yake shi ɗan halak ne, ya sa aka share masa ɗaki a gidan, ya zo da kansa ya kamo hannunsa. Suka iso bakin ƙofa, Suma'ila ya leƙa, ya ja da baya yana ba da haƙuri ga waɗanda ba wanda yake gani. Yana nan har gobe, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, inuwar bishiya ma sai ya nemi izini.

To ga yadda cinikin ya tashi. Na-Kogo ya ci bunsuru da la'ada. Mutanen dutse sun sami bene. Bayin Allah sun shiga ɗakunan da tun farko nasu ne, bayan damina uku da aka sace musu, waɗanda suka mutu a bakin tasha cikin shekarun nan kuwa suna jiran Suma'ila a gaban Mai Sama. Ya Zara da Yunusa sun biya bashin da ba su ci ba, Lubna ta tashi ba uwa ba uba alhali duk suna numfashi. Kai kuma da aka damƙa wa amanar talakawa kana lashe baki, ka sani kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma wanda ya kulle ƙofa a fuskar mara gida, nasa gidan ya sa a kasuwa.