Sandar da Abbo Ya Zaɓa

Hantsi bai gama dubawa ba aka zo wa Sufeto Njidda na 'yan dokan En'e da labari iri biyu. Kitikar Abbo direba, motar ɗaukar kaya, ta kife a kwanar hanyar Lau, shi kuma ya rasu. Sannan ga jama'a can sun tsare wata tsohuwa mai tallan nono, Mero, sun ce mayya ce, ita ta cinye shi.

Sufeto ya tarar da motar ta yi ƙafa sama, buhunan gyaɗa sun tarwatse. Wurin tsit, ko tsuntsu ba ya kuka. Mutane sun yi nesa-nesa, ba mai yarda inuwar motar ta taɓa shi. Mero na tsugune, goshinta na jini.

"Inna, me ya haɗa ki da Abbo?"

"Ya zubar mani nono da motanshi, ranka ya daɗe. Na ce ba za ya wuce kwana nan lafiya ba. Baki ne kawai. Ni ban san mota ba."

Baki ne kawai, amma a garin nan baki ya isa a kori mutum, ko a jefe shi. Sufeto ya sa kofur ya kai ta caji ofis, ba don laifi ba, don ta tsira da ranta.

Ya zagaya motar. Tsohuwa ce tukuf, ko'ina tsatsa, sai wata sandar ƙarfe mai kauri da aka gindaya tsakanin ƙafafun gaba, irin wadda ke hana mota karkata a kwana. Ta karye biyu. Ya goge baƙin giris da yatsa. Rabin karayar kaca-kaca, ɗaya rabin kuwa sumul, har da sawun haƙoran zarto. A jikin sandar ga ragowar koren fenti, alhali kitikar baƙa ce.

Sufeto ya ɗauki guntun sandar. Bai taɓa jin maita ta riƙe zarto ba.

A unguwar Barade ya sami Aisatu, matar mamacin, bayan labule.

"Maigidan ya daɗe yana kuka da motar, Yallaɓai. Wai in ta sha kwana da kaya sai ta yi ta tangaɗi kamar kwalekwale. Ɗantani makanike ya ce a sa mata sanda."

"Wa ya kawo sandar?"

"Biyu Ɗantani ya ajiye masa, siririya da kakkaura. Maigidan ya ɗauki kakkaurar, ya dawo yana murna." Ta gyara labulen. "Tun ranar yake cewa yana jin wani abu na nishi a ƙarƙashinsa in yana tuƙi. Na ce ya yi addu'a."

Garejin Ɗantani na bayan unguwar Sarkin Dawaki. Ya tarbi Sufeto da fara'ar da ta fi ƙarfin ranar makoki.

"Sandar sabuwa ce fil, Yallaɓai, daga Jos aka kawo mani. Ƙarfe ba ya karyewa haka kawai. Ai kowa ya ji abin da tsohuwar nan ta faɗa."

"Sabuwa da tsohon fenti?"

"Haka ta zo."

Sufeto ya juya. Ya bi ta bayan rumfa, wai zai kama ruwa. Can cikin ciyawa ga gawar wata babbar mota koriya, kanta a murƙushe. An share gabanta tas, har da 'yar tabarma, alamar wani na zama a wurin kullum. Ya durƙusa ya leƙa. Gurbin sanda wayam, kusoshin da aka kwance suna ƙyalli.

Da ya ɗago, Ɗantani na tsaye a kansa. Fara'ar ta tafi.

"Motar wa ce wannan?"

"Ta wani ce, ta mutu tuni."

"Wa ke tuƙa ta ranar da ta mutu?"

Ɗantani ya zauna a kan tabarmar, ya dafa ƙarfen motar.

"Abbo. Birki ya tsinke masa a gangara, ya buɗe ƙofa ya yi tsalle. Ko ihu bai yi wa ƙanena Sada ba, yana barci a gefensa. A nan ciki na ciro shi. Aka ce ƙaddara."

"Sai ka yanka sandar."

"Rabi na yanka, na shafe da giris. Amma ban tilasta masa ba, Yallaɓai. Na ajiye lafiyayya kusa da ita. Na ce a raina, in ya gane fentin nan, in ya ambaci sunan Sada ko sau ɗaya, zan janye ta. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan ce ƙarfe. Bai gane ba."

Sufeto ya ji tausayinsa, gaskiya. Amma ransa ya fi ɓaci.

"Tsohuwar fa? Kana ji ana shirin jefe ta, ka ƙara musu da naka bakin."

Ɗantani ya sunkuyar da kai, ya miƙo hannuwa aka sa ankwa.

Da gangan Sufeto ya bi da shi ta tsakiyar taron da ke ƙofar caji ofis, ya ɗaga guntun sandar sama, ya sa shi ya maimaita abin da ya faɗa da bakinsa. Ya maimaita, kalma bayan kalma.

Sai wani dattijo ya girgiza kai.

"Yaron kirki kamar Ɗantani? Ai tsohuwar ce ta shiga jikinsa ta sa shi."

Kawuna suka yi ta gyaɗawa. Kofur ya ja Ɗantani zuwa gidan yari, ba wanda ya ko harare shi. Duk idanu na kan tagar da Mero ke bayanta.

Sufeto ya shiga ya ce mata an kama mai laifi, ba ruwanta.

Ta leƙa waje, ta dube shi.

"To, ɗana, wane ƙofa zan fita?"

Sufeto Njidda ya dubi taron da ke waje. Ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar.