Tauraro Mai Wutsiya da Ɓatan Auta

Wata yarinya 'yar aji biyar tana shara a falo, rediyon Baba yana kunne. Sai ta ji an ce masana sun gano wani sabon tauraro mai wutsiya, kuma yana matsowa kusa da duniya. Ba ta tsaya jin ƙarshen labarin ba. Ta yar da tsintsiya ta fita.

A bakin famfo ta tarar da ƙaninta Auta.

"Auta, wani tauraro mai wuta zai faɗo mana a kai," in ji ta.

"Yaushe, Yaya?"

"Wataƙila ma yau."

Auta ya ɗaga kai yana kallon sama. Ita kuwa ta wuce gidan ƙawarta ta kai labari.

Da magariba Mama ta zuba abinci, ta kira Auta. Shiru. Aka duba ƙarƙashin gado, aka shiga gidajen maƙwabta, babu shi. Da yarinyar ta ga Baba ya ɗauki tocila yana leƙa rijiya, sai ta matso kusa da iyayenta. Ta gaya musu abin da ta faɗa wa Auta.

"To ɓuya ya yi," in ji Mama. "A duba ɗakin ajiya."

Can suka same shi a cikin tsohon kabad, ƙofar ta rufe da shi. Ya jiƙe da gumi, yana numfashi da ƙyar. Mama ta rungume shi tana kuka.

Bayan ya sha ruwa, Baba ya zana da'ira mai kama da ƙwai a ƙasa. Ya ajiye dutse a ciki, kusa da gefe ɗaya.

"Wannan dutsen rana ce," in ji Baba. "Tauraron kuma dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura. Wannan layin yake bi. Duk bayan 'yan shekaru yakan zagayo ya wuce. Ya daɗe yana haka, yanzu ne dai aka gan shi."

"Amma an ce kusa, Baba," in ji yarinyar.

"Ko ya matso, ya fi wata nisa sosai. Da kin tsaya, da kin ji."

Ta sunkuyar da kai. "Auta, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma naman kwanonki nawa ne."

Kowa ya yi dariya, ta tura masa kwanon. Tun daga ranar, ba ta yaɗa labari sai ta ji shi har ƙarshe. Abin da ba ta gane ba kuwa, sai ta tambayi manya.